Taraktar da Alkasim bai saya ba

Alkasim mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa. Ya daɗe yana sayar da huluna da tabarau a bakin titi a unguwar University Heights, can ƙetaren teku, yana kwana a unguwar Mount Hope, su uku a ɗaki. Ba ya doguwar hira sai an taɓo zancen noma.

Ƙanensa Mukhtari kaɗai ya rage a gonar mahaifinsu. Sa'o'insa duk sun bi ta Agadas zuwa Libiya, shi ma ya fara zancen tafiya. Tarakta ce kawai za ta tsayar da shi, irin tsofaffin jajayen nan da makanikin ƙauye zai kwance ya ɗaure a gindin bishiya.

"Ka ba ni zuwa damina, auta," in ji Alkasim a waya. "Za ka hau ta."

A 2016 ya kwashi adashe. Abokinsa Kudus, ɗan Kumasi mai tuƙa tasi, ya kai shi gwanjon taraktoci a wani ƙauyen Pennsylvania.

"Babbar riga a gwanjon ƙarfe, Alhaji? Ɗaurin aure za mu?" in ji Kudus.

"Tuƙa dai, direba. Sarkin Noma ka ɗauko."

A sanin Alkasim, komai ya tsufa kuɗinsa sauka yake. Saboda haka da safe, lokacin da ake sayar da masu matsakaicin shekaru, waɗanda aljihunsa zai iya, ko hannu bai ɗaga ba. Ya tsaya jikin wadda ta fi kowace tsufa, yana shafa tayarta, yana jira.

Da aka zo kanta, tayin farko ya kusa cinye adashensa. Wani saurayi manomin yankin, takalminsa duk taɓo, ya taya shi ma, ya girgiza kai ya koma gefe. Dattawa biyu suka ci gaba har ɗaya ya saye.

"Tambaye shi me zai shuka," in ji Alkasim.

Kudus ya dawo a sanyaye. "Ba noma zai yi ba. Yana da irinta a rumfa, jere. Ranar fareti yake fito da su."

"Ba komai, Yaya," abin da Mukhtari ya ce ke nan da ya ji. Kafin ruwan shuka ya sauka ya tafi. Daga garin Sabha na Libiya ya kira sau ɗaya, tun daga nan shiru.

Alkasim na nan a teburinsa. Ko yana tsakiyar ciniki, in baƙuwar lamba ta shigo wayarsa sai ya bar mai saye tsaye.