Ƙullin da Baba ya ɗaura

Ni mutum ne da ba a ba ni saƙo in kai ban buɗe ba. Ko ƙunshin goro ka miƙo mini ka ce in kai wa kakarka, sai na kwance na leƙa. Na sani rashin tarbiyya ne, kuma a gidanmu ba haka aka rene ni ba. Innata da bakinta ta koya mini cewa saƙo amana ne, ba a ƙin ɗauka, ba a leƙa cikinsa. To, wannan koyarwar ce ta kai ni gidan yari.

Ina saurayi na samu hanyar zuwa Jidda neman aiki. Ana gobe zan tashi, wani maƙwabcinmu ya shigo da leda cike da kuka da daddawa, ya ce in kai wa ƙanwarsa da ke aure a can. Na ɗan yi jim. Inna ta harare ni ta ce, "Karɓi mana, sai ka ce ba ɗan mutane ba." Na karɓa na cusa a jaka. A filin jirgi aka zazzage kukar nan a kan tebur, sai ga ƙwayoyi suna ta gangarowa. Maƙwabcin ya yi layar zana. Ni kuma na yi shekara da wani abu ina jiran shari'a, mahaifina ya rasu ina ciki, ko gawarsa ban gani ba. Daga ƙarshe lauya ya ce in ina so in tarar da Inna da rai, in amsa laifin kawai, alƙali zai lissafa zaman da na yi ya sallame ni. Na amsa. Na fito da sunan mai laifi, da kuma wannan cuta ta buɗe kayan mutane.

Bayan shekaru aka samar mini aikin direba a Doha. Ejan ɗin da ya yi mini hanya bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ga dalilin tona wa kaina asiri ba. Gidan da zan yi wa aiki yana unguwar Madinat Khalifa. Kafil ɗina, wato maigidan da bizata ke hannunsa, ma'aikaci ne mai yawan tafiye-tafiye, mutum mai sanyin magana. Ya ce babban aikina mahaifinsa ne, sauran aike-aiken gida kuma na biyo baya.

Kowa a gidan Baba yake kiran tsohon, ni ma na bi sahu. Tsohon masunci ne, ƙodarsa ta gaza, ana kai shi asibiti wankin ƙoda a kai a kai. Ni nake ɗaga shi daga kujerarsa mai taya in sa shi a mota, ni nake karɓo magungunansa. Baba akwai faɗa. In na yi gudu ya ce ina so in kashe shi, in na tafi a hankali ya ce jaki ya fi ni sauri. Larabcina na Islamiyya kuwa ya zame masa abin dariya, ya ce ina tambayarsa ko zai shiga banɗaki kamar liman a kan mumbari. Ni kuma da yake bakina ba ya shiru, na ce ai gara nawa, nasa Larabcin taunawa yake kafin ya fito. Ya yi dariya har da tari. Daga ranar ya fara ce mini ɗana.

In mun taso daga asibiti yakan sa in bi ta bakin teku, in tsaya inda jiragen ruwa na katako suke. Sai in sayo shayin karak da likita ya hana shi, ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini sauran. Kullum akwai guntuwar igiya a aljihunsa. Yana kallon ruwa yana ɗaura ƙulli irin na masunta, ya kwance, ya sake ɗaurawa, da yatsunsa da suka kumbura. Ya yi ta fama ya koya mini, na kasa. Ya ce hannuna na fartanya ne, in haƙura. Ba zan ɓoye ba, tun rasuwar mahaifina ban zauna kusa da wani dattijo na ji sanyi a raina kamar yadda nake ji kusa da mutumin nan ba. Albashi na zo nema, amma a lokacin abin da nake tsoron rasawa shi ne zaman nan na bakin teku.

Gidajen Larabawa kuwa ba a raba su da aike. Yau kwanon abinci zuwa gidan ƙanwa, gobe kwalin turare zuwa gidan suruka, kowanne an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Ni kuma ina da reza da salatif a aljihun mota. In na fita daga layi sai in faka a inuwa, in yanka a hankali, in leƙa, in mayar in liƙe. Na san babu mai sa ƙwaya a kwalin alewar uwargida. Kaina ya sani, hannuna ne bai yarda ba. In ban duba ba, sai in ji gumi na bin bayana duk da sanyin mota, in ga kamar kowane ɗan sanda ni yake kallo.

Ranar da dubuna ta cika, kyautar biki ce uwargida, matar kafil, ta ba ni in kai gidan yayarta. Na yi sakaci na buɗe a ƙofar gareji, na manta da kyamarar da ke saman bango. Yayar ta lura an taɓa naɗin, ta buga waya, aka duba hoto, ga ni ɓaro-ɓaro da reza a hannu.

Kafil ya kira ni majalisa, falon da yake ganawa da baƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an duba, babu abin da ya ɓace, kuma wannan ne ya fi ɗaure masa kai. "Me kake nema a ciki?" Na sunkuyar da kai. Ya ce zai yi tafiya, in yi tunani, in ya dawo yana son amsa.

Ranar Juma'a na tafi Asian Town, matattarar baƙin ma'aikata, wurin wani abokina ɗan Zangon Kumasi, mai gadi ne, shi kaɗai ya san labarina a ƙasar nan. Muka zauna a gaban wani shagon shayi na zayyana masa. Ya ce, "Mutumina, ka ce kana dubawa ne kar wani abu ya zube ko ya fashe. Ka ba da haƙuri, ka jefar da reza. Amma in bakinka ya furta gidan yari, khalas, taka ta ƙare." Na ce ai ban yi laifin ba. Ya ce, "Ni na sani. Shi kafil takardar kotu zai sani." Na ji haushinsa don na san gaskiya ya faɗa. Na koma gida da niyyar yin yadda ya ce, har na haddace kalmomin da Larabcina na liman.

Da kafil ya dawo na karanta masa haddata tsaf. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Da a nan ya tsaya da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma sai ya ce, ba da mugunta ba, uwargida tana ganin ina neman abin ɗauka ne, ban dai samu wanda ya yi mini ba tukuna.

Ni kuma ga zuciya. A kira ni ɗan fursuna na saba, a unguwarmu an kira ni. Amma ɓarawo, ni, a gidan da nake wanke wa Baba ƙafa? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi kuka da daddawa, na faɗi tebur ɗin filin jirgi, na faɗi mahaifina. Masu jin labarin nan wani lokaci sukan yaba mini da gaskiya. Ba gaskiya ce ta sa ni magana ba, fushi ne.

Kafil ya saurara har na kai aya. Sannan ya yi tambayar da nake gudu. "Alƙali ya wanke ka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na amsa laifin don in fita."

Ya ɗauki butar gahawa ya zuba mini da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. A nan na san aikin ya ƙare. Ya ce ya yarda da ni, wallahi ya yarda. Amma magungunan mahaifinsa masu ƙarfi ta hannuna suke bi, 'ya'yansa motata suke shiga, kuma in wani abu ya faru wata rana aka ji ya sani ya yi shiru, ba shi da bakin magana a gaban danginsa. Ba zai kai ni ko'ina ba, zai sake ni in nemi wani aikin a cikin gari. Abu ɗaya ya roƙa, kada Baba ya ji, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A ce masa na samu aikin da ya fi wannan.

Na yi ta neman inda zan tsani kafil ɗin nan, ban samu ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ranar da zan bar gidan na shiga yi wa Baba sallama. Ya ƙi kallona. Ya ce, "Ka gaji da ɗaukar tsoho." Na ce ba haka ba ne, Baba. Ya ce to yaya ne? Na tuna roƙon kafil, na haɗiye maganar. Can ya jawo wani ƙunshi daga gefen kujerarsa, an naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure da igiyar nan tasa. Ya ce na mahaifiyata ne, in kai mata in na je hutu. Sai ya ɗago ya dube ni, da ɗan murmushi, don ashe labarin reza dai ya kai masa. "Wannan kam, ɗana, kada ka buɗe."

Na ce to.

Na samu gadi a wani ginin ofisoshi a Lusail. Su ma ba su tambaya ba, ni ma ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ƙunshin ya zauna a ƙasan akwatina wata da watanni. Ban taɓa riƙe saƙo a rufe tsawon haka ba, har na fara jin kamar na warke. Ana cikin haka mai dafa abincin gidan kafil ya kira ni ya ce Baba ya rasu, an riga an binne shi. Ya ce sabon direban bai san hanyar bakin teku ba, Baba kuma bai taɓa nuna masa ba. Ina bakin ƙofa a tsaye cikin kayan aiki na yi kuka, mutane na wucewa suna nuna mini katinsu.

Da hutuna ya zo, na haɗa kaya da safe, motar filin jirgi tana jira a waje. Na ɗauko ƙunshin na sa a jaka, na zuge. Na kai bakin ƙofa, sai gumin nan ya karyo mini. Na dawo na zauna a bakin gado. Na ce wa kaina Baba ne fa, mutumin da ya raba shayinsa da kai. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Larabci. Hannuna dai ya riga ya kai kan igiyar.

Mayafi ne mai laushi ruwan toka, da 'yar kwalbar turare. Shi ke nan.

Na mayar na naɗe, na kama igiyar in ɗaura yadda ya ɗaura. Na juya ta nan, na juya ta can, direba yana ta danna hon. Ta ƙi. Na yi mata irin ɗaurin da muke yi wa bakin buhu.

Da na miƙa wa Inna na ce saƙo ne daga wani dattijo da ya riƙe ni kamar ɗa. Ta sa masa albarka, ta juya ƙunshin, idonta ya tsaya a kan ƙullin. Ta san ɗaurin hannuna tun ina yaro. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na ce ka karɓa."