Ku mayar da buhunan gawayin Mma Lariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina dama koko wayata ta yi ƙara. Sanatu ce, tana kuka: "Anti, Mma ta tafi." Na ce ta tafi ina? Ta ce motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, da ya ɗauko ta da gawayi daga wajen Salaga ya kife, buhuna suka danne ta.

Mma Lariba mai gawayi, ta bayan masallacin zongo a nan Yendi. Ita fa.

In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ni ban yi nisa a makaranta ba.

Daga Bawku ta zo garin nan da goyo a baya. Da gawayi ta raini Sanatu, da gawayi take ciyar da jikoki tun da mijin Sanatu ya rasu. Lokacin da na haifi autana, ita ke kawo min garwashi kowace asuba in gasa jiki, ko sau ɗaya ban aika ba. In ta auna maka roba sai ta ƙara da hannu biyu, ta ce, "Wannan na shayin maigida ne, kar ya sake ki saboda ni."

Ajali na Allah ne, na sani. Ban ce wani ya kashe ta ba. Amma yau sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Matar nan ta daɗe da daina zuwa ƙauye da kanta, gwiwa ta hana ta. Kawo mata ake yi. Me ya hau da ita motokin? Ku tambayi Rashid da yaran ƙungiyarsa, masu rigar kore, masu cewa suna kare itatuwa.

Watan jiya suka tara mu a filin makaranta, wai muhawara kan wuta da sola da canjin yanayi. Manya suka zo da manyan motoci. Wannan ya ce sola, wancan ya ce a'a, a gyara falwaya tukuna, suka yi ta jefa wa juna Turanci. Sai Rashid ya karɓi lasifika ya nuna su Mma da yatsa, wai matan gawayi ne suka sa ruwa ba ya zuwa da wuri.

Mma ta miƙe da sandarta ta ce, "Rashidu, ɗan Azara, yau da safe me ka ci?"

Ya ce, "Mma, ba wannan muke magana ba."

Ta ce, "Tuwon uwarka, rana ce ta dafa shi? Ku kawo wutar da ba ta gudu, ku kawo gas ɗin da talaka zai iya, ni da kaina zan zubar da gawayin a kwata. Ka ga tafin hannuna? Kana tsammani ado ne?"

Mutane suka yi dariya, ana cikin dariyar laiti ya tafi, lasifika ta mutu a hannunsa. Dariyar nan ce bai yafe ba. Bayan sati shi da yaransa suka zo rumfarta suka kwashe buhunanta kaf, wai da kaɗanya aka ƙona gawayin, suka kulle a sitonsu. Rashid ya ɗauki hotonta tana riƙe da bakin buhu ya sa a nan shafin intanet, duk kun gani. Wasunku har alamar dariya kuka danna. Na ga sunayenku.

Ni ban ce zafi bai ƙaru ba. Ya ƙaru, yarana ba sa iya barci a ɗaki. Kaɗanya tana ƙarewa, gaskiya ne, Mma ma tana faɗi. Amma wa ke sarewa, wa ke lodi a manyan motoci ana kaiwa Kumasi? Ku tare su mana! Ba za ku iya ba. Tsohuwa mai roba kuka iya.

Rishon lantarki da ɗiyata ta aiko min yana ƙarƙashin gado, don in na ɗora shinkafa sai laiti ya tafi ya bar min ita rabin dahuwa. Fitilar sola da kuka kafa a layinmu kuka yi hoto da ita, tun azumi ta mutu, awaki ake ɗaurewa a jikinta. Da me kuke so mu dafa? Da takardar mitin?

Shekaranjiya na gan ta ƙarshe. Tana zaune a rumfa babu komai, tana shafa man zafi a gwiwa. Na ce, "Mma, ki bari in bi ki mu je mu roƙe su." Ta harare ni ta ce, "In roƙi yaron da na wanke wa kashi? Fati, kin raina ni." Sai ta yi dariya ta ce za ta je ƙauye ta samo ko kaɗan ne, tunda masu kawo mata sun daina, yara ba sa cin haƙuri. Na ce ta jira sati ya zagayo. Ta ce, "Ki ajiye min koko mai kauri."

Yanzu na buɗe waya na ga Rashid ya sa hotonta, wai uwa ce gare mu duka. Uwa? Kai, ka ji tsoron Allah.

Ku saurara da kyau. Buhunan nan ba naku ba ne, yanzu na marayu ne. Sanatu ba ta da wata sana'a, ba ta da abin da za ta zuba a rumfar nan. Jibi addu'ar uku, baƙi za su zo daga Bawku da Salaga, gidan babu gawayin da zai tafasa ruwan shayi. Gidan mai gawayi! Kuma na san za ku zo da fararen kaya ku zauna a gaba ku jira faranti.

In ba ku kawo ba kafin gobe da la'asar, mu matan layi mun gama magana. Za mu ɗauko tukwane da kolfot, wato murhun gawayi, mu zauna a ƙofar sitonku, a nan za a dafa abincin addu'a, baƙi su zo su tambaya me ya sa. Ka zo ka yi hoto.

Allah shi jiƙan Mma Lariba, shi gafarta mata, shi sanyaya kabarinta, shi sa Aljanna ce makomarta. Allah shi ba Sanatu haƙuri, shi raya yaran nan. Duk wanda ya karanta, don Allah ka yi mata Ƙulhuwallahu, ko ba ka san ta ba.

Kai kuma Rashid, mai makullin sito, ba na son amin ɗinka a ƙarƙashin rubutuna. Ka je ka buɗe ƙofa.