Liƙin Inna a Jirgin Kaka

Bazara ce, irin wadda ake yayyafa wa tabarma ruwa ta bushe kafin mutum ya juya. Shekarar ta zo mana da nauyi. Masaƙar da Baba yake aiki ta rufe, tun daga nan ya zama mutumin zaure. Ya fita da safe ya zaga Kantin Kwari ko zai dace da abin yi, kafin azahar ya dawo ya zauna yana kallon takalmansa. Shekarata tara ko goma a lokacin. Yaro ba ya sanin sunan abin da ke damun gida, amma yana jinsa a miya.

A tsakar gidanmu na Fagge akwai jirgin ruwa. Na san za ka yi murmushi, don duk wanda na faɗa wa sai ya yi. Na Kaka ne, mahaifin Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana su a dam ɗin Tiga. Da gwiwoyinsa suka gaza Baba ya je ɗauko shi, tsohon ya ce ba inda za shi sai da jirginsa. Sai da aka fasa gefen katanga aka shigo da shi, aka ɗora a kan tsofaffin tayoyi, sannan aka mai da ginin. Ba na itace ba ne, na faiba ne, robar nan mai tauri. Shuɗi ne a da, rana ta cinye shi ya koma ruwan toka. Injinsa kuwa yana ƙarƙashin gadon Kaka, a nannaɗe cikin buhu.

Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka jirgin ya zama randarmu. Kaka da kansa ya ba da izini, ya ce jirgi ba ya son ƙishirwa.

Akwai abin da ni da Inna kaɗai muka sani. Wata Juma'a, shekara uku kafin wannan bazarar, maza sun tafi masallaci, Inna tana wanke ɗan dutsen niƙa a bakin jirgin, ya suɓuce mata ya faɗa ciki. Can baya ya sauka, ƙarƙashin bencin da matuƙi yake zama. Muka ji ƙas. Da muka kwashe ruwan muka ga tsaga siririya, tsawonta taƙi guda. Inna ta aike ni wajen masu facin kwano na samo guntun kwalta, ta narka a gwangwanin madara, ta yagi bakin tsohuwar atamfa ta shimfiɗa, ta shafe. Kafin a sauko daga masallaci mun mai da ruwa. Ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, “Ba ki ga komai ba.” Daga ciki duhun benci da gansakuka suka rufe wurin, daga waje kuma daidai nan taya ta tokare.

Kada ka ɗauka Inna maƙaryaciya ce. Sai ka san yadda take da Kaka. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai Malam. Ba ta zama inda yake zaune. Daga bayan labule take durƙusawa ta gaishe shi, in kuwa magana ta kama, ni ce ɗan aike. Macen da ba ta iya shan ruwa a gaban surukinta, ta yaya za ta dube shi ta ce ta fasa abu ɗaya da ya rage masa?

A cikin bazarar nan Kaka ya kira Baba ya ce zaman ya isa haka. A gyara jirgi, Baba ya koma dam kafin ruwa ya sauka, sana'ar gidansu ce, hannu ba ya mantuwa. Ranar na fara jin Baba ya yi magana da ƙarfi a tsakar gida bayan watanni.

Mai gyaran daga Sabon Gari aka samo shi. Igbo ne, haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Tankunan ruwa da janareta yake gyarawa, amma ya ce wajen kakanninsa a bakin kogi ya koyi injin jirgi. Kowa Oga yake ce masa. Da aka kwance buhun ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

Ya ce wa Kaka, “Baba, wannan inji ya girme ni fa.”

“Ni ma na girme ka,” in ji Kaka, “ga ni ina cin tuwo.”

Oga ya tafi da injin shagonsa. Ni nake kai wa Baba abinci can a kwano, in ratsa kasuwa in same su sun baje shi gunduwa-gunduwa a kan kwali, suna wanke kowane ƙarfe da fetur a cikin faranti. Wani abu in babu shi a Kano sai Oga ya sa a ƙera masa. Da yamma kuma ya zo gida ya kama jikin jirgin. Suka goge gefunan da samfefa har farar ƙura ta rufe musu gira. Ya yanka wani farin ƙyalle mai kama da gashi, ya shimfiɗa a duk inda ya tsage, ya bi shi da gam mai warin da ke hawa kai. Ƙyallen nan ƙaiƙayi gare shi, na taɓa sau ɗaya, ban ƙara ba. Kaka yana kan kujera da sandarsa yana nuna kowane tabo, yana faɗin dutse ko kututturen da ya yi shi.

Da Oga ya ce a kifa jirgin a duba ƙasansa, Kaka ya ɗaga hannu.

“Kada ka wahalar da kanka. Gefe ya sha duka, amma ƙasansa ko ƙwarzane babu. Da hannuna na kula da shi.”

Inna tana bakin murhu. Na ga muciya ta tsaya a hannunta.

Aka kira ’yan garuwa suka cika jirgin taf, aka ba ni gawayi in zagaya in yi alama duk inda na ga ɗigo. Na sami biyu a gaba. Na leƙa wajen tayar baya, na tarar da shi a bushe ƙamas. Liƙin Inna ya riƙe. Na ruga na raɗa mata, ina tsammanin za ta yi murna. Ta dube ni kawai, ta ce in je in wanke hannuna.

Ranar Laraba aka kawo injin. Oga ya sa aka cika duro da ruwa, aka maƙala shi a baki, farfelar tana ciki. Baba ya ce me ya sa ba za a tayar da shi haka ba, ruwa yana wuya.

Oga ya ce, “Ba janareta ba ne, Malam. Ruwa yake sha. Ka tayar da shi a bushe, ka yanka shi ke nan.”

Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari kamar tsohon mashayin taba. Kaka ya ce a ba shi hanya, ya dafa kan injin, ya murɗa wani abu kaɗan, ya ce wa Baba, “Kai ja.” Baba ya ja. Ƙara ta cika gidan, shuɗin hayaƙi ya tashi, ruwa ya yi ta tsalle yana jiƙa kowa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Duron nan cike da ruwa, mutum biyu ba sa ɗaga shi, amma rawa yake yi yana tafiya a ƙasa, sai da Baba da Oga suka rungume shi.

Kowa injin yake kallo. Inna duron take kallo. Ni ma sai a lokacin na gane: a bayan jirgi ake rataye inji, daidai saman liƙinta.

Kaka ya ce gobe fenti, jibi mota ta zo ta ɗauki jirgin.

Bayan la'asar Baba ya raka Oga. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta yafa mayafi, ta kama hannuna. Tafin hannunta sanyi ƙalau a cikin zafin nan. Ta tsayar da ni a bakin ƙofar Kaka, ita kuma ta durƙusa a bayan labule. Tsakaninsu bai fi taku uku ba, kowa yana jin numfashin kowa.

“Ki faɗa wa Malam,” ta ce, “akwai tsaga a ƙasan jirgi, ƙarƙashin benci. Ni na yi ta. Ni na liƙe.”

Na buɗe baki na maimaita. Kaka yana zaune yana jan carbi. Carbinsa ya tsaya. Har kiran mai gyaɗa na ji daga titi.

“Uwargida,” ya ce, don haka yake kirana da wasa, amma ranar babu wasa a muryarsa, “tambayi uwarki da me ta liƙe.”

“Da kwalta da ƙyallen atamfa.”

“Tun yaushe?”

“Shekara uku.”

“Shekara uku ina shan ruwan kwalta.” Ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta kai ido ba. Sannan ya ce, “Ki ce mata na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Da bakina na faɗa wa baƙo ƙasansa lafiya lau. Amma ki ce mata ɗa ɗaya gare ni, kuma da ta yi shiru zuwa jibi, ni da hannuna zan tura shi tsakiyar ruwa. Gobe kada a taɓa fenti. Wanda ya liƙa shi zai ɓamɓare, shi ya san iyakarsa.”

Ban maimaita wannan ba. Na juya na ga ta riga ta ji, mayafinta a kan fuska.

Bayan na girma na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa Baba a ɗaki, a huta. Ta ce jirgin ba nasa ba ne, wanda ka yi wa ɓarna shi kake faɗa wa. Kuma ta san mijinta: zai rufa mata asiri, ya ce zai lura, ya tafi da shi haka.

Motar ba ta zo jibin ba, sai bayan sati biyu. Baba ya yi shekaru a kan ruwan, da kifin aka rufa mana asiri. Yau gidan ya zama shagunan yadi, Kaka da Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Matar ɗana tana zama kusa da maigidana ta nuna masa hotuna a waya, su yi ta musu suna dariya. Ban ce laifi ba ne. Abin da ya ci wa Inna shekara uku, ita a numfashi ɗaya za ta faɗa, kuma da haka ake tsira. Sai dai nakan ce a raina, ba ta san nauyin taku uku ba, Allah ya sa kada ta sani.

Washegarin ranar da Inna ta durƙusa a bayan labulen nan, da hantsi aka kwashe ruwan jirgin. Inna ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa, ta tattare zanenta ta shiga ciki, ta kwanta rubda ciki ta cusa kai ƙarƙashin benci. Kaka ya sa na fito masa da kujera, ya juya mata baya yana fuskantar katanga, don kada ta ji nauyinsa. Ba ka jin komai sai kankarar wuƙa. Kwaltar tana fitowa ɓaro-ɓaro tana miƙo mini, har ƙyallen ya fito, furannin atamfar suna nan. Ta goge wurin da tsumma, ta ɗora hannu ta auna. Taƙi ɗaya. Ta matsar da hannun gaba, tsagar ba ta ƙare ba. Ta sake aunawa.

Sannan ta ɗago, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta ce, “Ki faɗa wa Malam, ta ƙaru. Taƙi biyu ce yanzu, har da ɗoriya.”