Katangar da Na Ci Simintinta

Ni haifaffen Madina ne. Mahaifina ya taso daga ƙasar Damagaram da ƙafa tun yana saurayi, ya sauke farali, ya zo ziyara, bai sake komawa ba. Aikinsa ban ruwa a wata gonar dabino a unguwar Awali, gidanmu kuma ɗaki biyu ne a cikin baƙaƙen duwatsun Harra ta Yamma. Ba mu da komai, amma ba a taɓa ambaton gidanmu da abin kunya ba sai a kaina. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya masu shiga cikin mutane.

A tsakiyar shekarun saba'in arzikin mai ya buɗe, ko'ina gini ake yi. Na koyi tuƙin tifa, wani kamfanin kwangila ya ɗauke ni ya tura ni can kudu, cikin tsaunukan da ke kan iyakar Yaman, inda ake fasa dutse ana yin titi. Baba bai so tafiyar ba, amma bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi in riƙe salla, in kuma ci abin da na san nawa ne.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Ƙauyuka a maƙale a kan tsauni, gonakin dawa da gahawa hawa-hawa kamar matakala, gajimare yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka. Ba lantarki, ba asibiti. In mutum ya kwanta ciwo, a gadon itace ake ɗaure shi, maza huɗu su sauko da shi wuni guda. A ƙauyen da ke saman sansaninmu akwai wani dattijo, Ammi Jabir, wanda kullum yakan zauna a kan dutse yana kallon injunanmu. Ran Juma'a yakan kira ni gidansa, ya ba ni gahawa da gurasa da zuma. Ɗansa Hadi ya sayar da shanunsa ya sayi akori-kura tun titin bai ƙarasa ba, don ya zama na farko da zai riƙa kai mutane kasuwa da asibiti.

Abin ya fara ne da man gas. Wani manomi ya sayi sabon injin ban ruwa, ya roƙe ni in zuƙo masa jarka ɗaya daga tankin motata. Na ce wa raina taimako ne, amma na karɓi abin da ya ba ni. Mai kula da sitonmu, wani mai suna Mansur, ya gan ni. Na zaci zai kai ni gaban muhandis, wato injiniyan aikin. Sai ya yi dariya, ya ce ashe ni ma ɗan gari ne. Ya nuna mini cewa yanzu kowa a tsaunin so yake ya bar gidan dutse ya yi na bulo, siminti kuwa ya fi zinariya wuyar samu. Kamfanin, in ji shi, ba zai ma ji an taɓa shi ba.

Bayan azahar, lokacin da kowa ya kwanta hutun rana, nake ɗaukar buhunan in sauke wa wani ɗan kasuwa a ƙasan kwari. Daga siminti muka koma rodi. Na sayi agogo da rediyo, na aika wa Inna yadi da turare. Da ta sa aka rubuto tana sa mini albarka, na karanta wasiƙar ban ji komai ba.

Akwai wata kwana mai hatsari da ake gina wa doguwar katanga don ta tare dutsen da ke sama, da kwalbati a ƙarƙashi don ruwa ya wuce. Simintin wannan katangar muka fi ci. Mansur ya shirya da shugaban leburori aka riƙa ƙara yashi a kwaɓin, ana tsallake rodi. Na gani da idona. Rannan na ce wa Mansur ina tsoron katangar nan, ya ce kafin ta nuna wata alama mun daɗe da barin ƙasar. Na ɗauki lodin ranar.

Aka zuba kwalta, aka buɗe titi. Mutanen ƙauye suka yanka raguna, suka yi rawa da wuƙaƙensu, Ammi Jabir ya rungume ni ya ce mun cire musu wahalar kaka da kakanni.

Wata uku bayan haka ruwa ya sauka a tsaunin, irin wanda yake gangarowa da duwatsu. Da hantsi Hadi ya ɗauko mutane za su kasuwa. Suna shiga kwanar sai katangar ta buɗe, ƙasa da dutse suka rufto wa motar. Hadi ya mutu nan take tare da wata tsohuwa. Wata mata mai goyo ta rayu, amma ba ta sake takawa ba. Ina cikin waɗanda suka tono su. Na ɗauki guntun katangar, ya murmushe a tafin hannuna kamar busasshen tuwo.

Mansur ya tsallaka iyaka kafin a fara bincike. Ni kuma na gudo Madina, ina ganin nisa zai rufa mini asiri. Kwana tara na yi. A gonar Awali 'yan sanda suka same ni, ina zaune kusa da Baba yana gyara hanyar ruwa. Da suka faɗi abin da ya kawo su, ya dube ni ya ce, "Da gaske ne?" Na sunkuyar da kai. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ganin ƙarshe da na yi masa ke nan.

Aka mayar da ni kudu. Ɗan kasuwar ya faɗi komai, leburori suka ba da shaida, ni ma ban musa ba. A gaban alƙali Ammi Jabir ya nemi izinin yi mini magana. Na ɗauka zagina zai yi. Cikin sanyin murya ya ce, "Ɗana, da muna sauka da ƙafa muna tsoron dutsen nan, muna kiyaye shi. Ku kuka zo kuka ce mu daina tsoro." Sannan ya tambaye ni ko ranar da ya rungume ni na san abin da ke cikin katangar. Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya zauna.

An yi mini bulala, aka ɗaure ni shekara bakwai. Zafin bulalar bai wuce mako biyu ba. Abin da bai wuce ba shi ne duk lokacin da na ji ƙarar ruwa a rufin kurkuku sai in tuna katangar nan. A shekara ta biyu wasiƙa ta zo cewa Baba ya rasu, an binne shi a Baƙi'a. Ƙanwata ta rubuta cewa tun ranar da aka tafi da ni ya daina zama cikin dattawa bayan la'asar. A kurkukun na koma ga Allah, na tuba, na kuma sa aka kai wa Ammi Jabir takarda har sau biyu ina neman gafararsa. Amsa ba ta zo ba.

Da aka sake ni na dawo Madina. Ba wanda zai ba ni mota kuma, sai wani abokin Baba ya ba ni gefen rumfarsa a Uhudu, inda nake sayar wa maziyarta dabino har yau. Na ji an sake gina katangar, an kai wuta ƙauyen, an yi makaranta da ɗakin shan magani. Na kuma ji Ammi Jabir ya rasu.

Ku samarinmu Hausawan Madina da kuke shiga kamfanoni yanzu, kuna tuƙi, kuna gini, kuna riƙe makullin sito, ku saurare ni ko da Larabci za ku ba ni amsa. Za a ce muku kayan kamfani ne, ba su da mai su, kowa ma yana ɗiba. Ƙarya ne. Masu su su ne mutanen da za su bi ta ƙarƙashin abin da kuka gina, da matansu da 'ya'yansu, sun amince ba su duba ba. Ranar da aka fara miƙo muku ƙaramin abu, ku ce a'a, ko da za a yi muku dariya. Ni hukuma ta gama da ni, Allah kuma ina sa ran rahamarsa. Amma akwai mutane uku na cikin motar nan da za su tsaya gabana ranar ƙiyama, kuma har yau ban san abin da zan ce musu ba.