Kiɗa Biyu na Baba Barau

Da asuba, kafin a fito masallaci, za ka tarar da Baba Barau tsugune bakin murhu yana gasa fatar gangarsa, don raɓar damina kan sa ta saki. Shi ne mai shelar garinmu, can wajen Buji, gadon ubansa. Ni maƙwabcinsa ne, haƙar rijiya ce sana'ata, kuma masu baki sun daɗe da gundura ta. Shi kam ina sauraronsa.

Kiɗa biyu gare shi. In umarnin dagaci ne, sai ya buga da sauri-sauri. In kuwa dattawan unguwanni ne suka zauna a ƙofar masallaci, aka yi gardama aka daidaita, sai ya buga a hankali, da nauyi. Ko daga gona ka ji, ka san maganar wa za a faɗa. Mai nauyin ba a ƙin sa, don da naka aka yanke.

Bayan zuwan Nasara aka naɗa mana Ɗanmusa dagaci. Ya yanka sa, ya raba goro, ya ce shi na talakawa ne, tsofaffin nan su suka danne gari. Aka yi ta shewa. Maroƙa suka sami riguna, zaman ƙofar masallaci ya mutu.

Ana tsakiyar noman farko Nasara ya nemi mutanen aikin hanyar Dutse. Dagaci ya amsa bai tambayi kowa ba. Ina gyaran bakin rijiyar ƙofar gidansa ya kira Baba Barau.

"Baba, mai nauyi za ka buga. Ka ce gari ya yarda."

"Ranka ya daɗe, yaushe garin ya zauna? Ko ina barci ne?"

"Ni ne garin. Ba ka ga yadda suke so na ba?"

"Na gani. Naman ma na gani."

"To ka sani, ba da gangar nan aka haife ka ba."

Baba Barau ya rataya abarsa ya shiga kasuwa, ya buga da sauri-sauri. Ya ce, "Dagaci ya gaishe ku, ya ce a fito aikin hanya. Dattawa ba su zauna ba." Bai ƙara komai a kai ba.

Kafin la'asar dattawa suka cika ƙofar masallaci, ba wanda ya kira su. Hanya dai ba a fasa ba, Nasara ba ya fasawa. Amma dole dagaci ya yarda duk gidan da manominsa ɗaya ne a ƙyale shi. Gero da yawa ya tsira a shekarar nan.

Washegari yaran dagaci suka zo karɓar ganga, za a bai wa wani maroƙi. Baba Barau ya zauna ya kwance tsirkiya, ya cire fatar, ya miƙa musu icen.

"Wannan na gari ne. Fatar ta akuyata ce."

Matarsa, Inna Kubura, ta leƙo. "Malam, to yanzu me za mu ci? Fatar?"

"Akwai fartanya a ɗaki," in ji shi.

Mu biyu ne manoma a gidanmu, ni da ƙanena, ni aka ɗauka. Daga hanya aiki ya ja ni gaba, ban komo ba sai bayan rasuwar Baba Barau. Ranar da aka tasa mu gaba muka bi ta gefen gonarmu, na hango shi duƙe kusa da ƙanena, yana nome kunyar da na bari.