Alhaji Barau, Gwiwarka da Sunana

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, aka bugo mini waya daga Gumel cewa Allah Ya karɓi ran Alhaji Barau Ɗanzomo, shugaban dillalan shanu na kara, wato kasuwar dabbobi, ta Maigatari. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Ni ne Ɗantala, abokin sana'arsa tun muna samari. Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ya san abin da aka riƙa faɗa a kaina game da ciwonsa. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Alhaji, mun girma muna ƙwace wa juna baƙi. In Buzu ya sauko daga Damagaram da garkensa, kai ka ja shi nan, ni in ja shi can, da yamma kuma mu ci tuwo kwano ɗaya. Amma akwai abin da ban taɓa kamo ka a kai ba. Ba ka ɓoye aibin dabba. Na ga ka kira mai saye bayan an gama ciniki, ka buɗe masa bakin saniya ka nuna masa abin da bai gani ba. Baƙon da yamma ta yi masa kuwa, zaurenka ne masaukinsa, ko ba ta hannunka ya sayar ba. Na sha ce maka wauta ce. Ka ce in bar ka da wautarka.

Yawon kara ne ya cinye maka gwiwar dama. Shekarun baya 'ya'yanka suka kai ka asibiti aka yi aiki. Ba duk gwiwar aka sauya ba, ɓangaren ciki kawai: ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, roba a tsakani. Ka dawo kana taƙama kai ne mutumin Maigatari na farko mai rabin gwiwar Bature. An ce ka rage tsuguno da doguwar tafiya. Ina dillali ya ga zama? Ba a yi wata uku ba ka koma bin shanu cikin yashi, kana durƙusawa kana duba kofato.

Da muka tsaya neman shugabancin dillalai ka kayar da ni, na zo taya ka murna na ce, "To, mu ga da wace ƙafar za ka zaga karar nan." Kai ka fi kowa dariya a wurin. Ashe akwai masu ajiye maganar.

Bara waccan gwiwar ta fara kumbura, har wani ƙulli ya fito a gefenta. Mutanen gida suka ce sanyi ne, aka kira wanzami ya tsaga. Abin da ya fito ba jini ba ne, ba mugunya ba. Wani baƙin ruwa ne, da aka shafa shi a yatsa yana ƙyalli kamar kwalli. Wanda ya gani ya faɗa wa wanda bai gani ba. Kafin Alhamis, ranar kasuwa, ta zagayo gari ya ɗauka cewa an jefi Alhaji Barau da ƙarfe, kuma an san wanda ya ce za a ga ƙafar da zai zaga kara da ita.

Ban san akwai abin da ya kai wannan ciwo ba. Mutanen da na haifi sa'o'insu suka riƙa janye hannu in na miƙa nawa. Mai fura ta daina tsayawa a rumfata. Iyalina ta je suna, aka ɗauke jaririn daga gabanta. Abdulganiyu, babban ɗanka, wanda ni na yanka ragon sunansa, ya daina gaishe ni. Na zo duba ka, aka ce kana barci. Na sake zuwa, aka ce kana barci. Na yi fushi, Alhaji, har da kai, don na zaci ka yarda. Daga baya na ji ba wanda ya faɗa maka komai.

Da ciwon ya ƙi, aka kai ka Kano. Likita ya duba hoton ƙashi ya yi muku bayani: robar nan ta tsakani ta cinye, ƙarfe ya koma gogar ƙarfe, garin da ke zuba kuwa jiki ba ya iya narkar da shi. Shi ke tara ruwa, shi ke cin ƙashi a hankali. Ya ce sai an sake aiki a sauya gwiwar gaba ɗaya, amma sai tsagar ta warke, kuma sai an shawo kan ciwon sukarinka. Ya ce ka kwanta, kada ƙafar ta taka ƙasa. A hanyar dawowa direba ya yi suɓutar baki ka ji abin da ake faɗa a kaina.

Washegari Alhamis ce. Ina zaune ni kaɗai a rumfa sai na ga jama'ar kara sun dare, ga ka an tallabo ka, ƙafa a naɗe, gumi na zuba. Ka wuce rumfar shugaba, ka zube a tabarmata. Ka ce, "Ɗantala, dama mini fura da hannunka." Na aika aka sayo fura, na dama. Ka shanye a gaban kowa, ka share baki, ka dubi jama'a.

Ka ce, "Wane ne a cikinku bai taɓa kai niƙa inji ba? In faranti ya cinye, me kuke gani cikin gari? Ƙarfe. To wa ya yi wa garin asiri? Abin da ke gwiwata ke nan. Ni na sa a saka mini ƙarfen, ni na niƙe shi da yawo. Wannan bawan Allah ko akuya bai iya jifa ba, balle ni."

Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kuka na yi, ban ji kunya ba. Na san abin da fitowar nan ta ja maka. Tsagar ta sake buɗewa a ranar, daga nan kuma ba ka ƙara taka kara ba. Aikin da ake jira bai yiwu ba har Allah Ya yi ikonSa.

Kasuwa ta dawo mini, amma Abdulganiyu bai dawo ba. Ya ce kirkinka ne ya sa ka rufa mini asiri. Ban ga laifinsa sosai ba, ɗa ne yana kallon ubansa na ƙarewa. Sai dai na ɗauka da wannan zargin za a binne ni.

Ranar da ka rasu, bayan La'asar muka kai ka makwancinka. Na tsaya can baya don kada in ɓata wa iyalinka rai. Da aka ajiye makara, sai na ga Abdulganiyu yana ratsa mutane yana nemana. Ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Baffa, Alhaji ya bar wasiyya kai za ka sa shi a kabari. Ya ce in na yarda ya miƙa maka gawarsa, in yarda da sauran. Ka yafe mini." Ya kama hannuna ya taimake ni na sauka cikin kabarin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Asama'u, da Abdulganiyu da ƙannensa Naja'atu da Rufa'i, da 'yan uwa na Ɗanzomo, da dukkan dillalan karar Maigatari. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah Ka jiƙan Barau, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ya Allah, bawanKa ya tashi daga shimfiɗar jinya ya wanke ni a gaban mutane. Ka wanke shi ranar da za a tara mu gaba ɗaya. Amin.