Yadda hirar littafi ta sa aka hana ni yi wa Hajiya allura

Shekarun baya can, lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, bakin kowa ya buɗe. A mota siyasa, a wajen mai shayi siyasa. Ni kuwa babu ruwana da wanda ya hau ko wanda ya sauka. Ina makarantar koyon aikin jinya, muna zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ni da mahaifiyata da ƙannena, kuma abu biyu ne a gabana: jarrabawa da littattafan haya. Na biyun ma ya fi cin lokacina.

Ina da wata ƙawa 'yar ajinmu. Iyayenta 'yan Kudu ne, Kiristoci, amma a Tarauni aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Ita ke hayo littattafai a wani shago kusa da gidansu, ta karanta ta miƙo min, ranar Asabar da yamma kuma ta zo gidanmu mu baje tabarma mu yi ta musu. Ba mu taɓa yin baki ɗaya a kan littafi ba. Ita komai aka rubuta burge ta yake yi, ni kuma ina karatu ina neman inda marubuci ya yi tuntuɓe.

Gidan da muke haya na wata dattijuwa ne, Hajiya. Gida ɗaya ne aka raba da gajeriyar katanga, ita tana can ɓangaren, mu muna nan. Tana da ciwon suga, idonta kuma ya yi rauni, ba ta iya ganin layukan sirinji. Tun da na shiga shekara ta biyu a makaranta ni nake yi mata allurarta safe da yamma. Ba wanda ya ɗora min, mahaifiyata ce ta ce maƙwabtaka ta wuce gaisuwa.

A wannan Asabar ɗin littattafai uku ne a gabanmu. Na farko na ban tsoro ne, labarin wata gawa da ke tashi a ɗakin ajiye gawa na asibiti tana bin ma'aikata. Ƙawata ta ce ita sai da ta kwana da fitila a kunne. Na ce mata ni abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda marubucin yake zaton ana barin ɗakin gawa a buɗe, har mai gyaɗa tana leƙawa. Na biyu wani fim ne aka mayar da shi littafi, har waƙoƙin da aka yi rawa da su an kwafe su shafi bayan shafi. Na ce wane ne zai zauna yana karanta rawa a takarda? Ta ce ni dai ba ni da zuciya.

Na ukun shi ya jawo min. Labarin kisan kai ne. Wata attajirar tsohuwa mai ciwon suga aka kashe da guba a kunu, ɗan sanda yana ta bin sawu. Ƙawata ta ce ba ta taɓa karanta mai daɗinsa ba. Ni kuwa haushinsa nake ji tun daga tsakiya, don mai kisan a labarin wai ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk abin da ta yi wauta ne. Na ɗaga murya, yadda na saba in musu ya yi daɗi, na ce:

"Ke dai ki yi shiru. Tsohuwa mai suga, kullum ke ce mai yi mata allura, me zai kai ki wahalar guba a kunu? Ni da ni ce, a allurar zan gama da ita, a yi jana'iza a watse, babu wanda zai ce uffan."

Ƙawata ta ce, "To ai sai labarin ya ƙare a shafi na goma."

Na ce, "Da ya fi. Ni dai na faɗa miki, in ina so, ko likita ba zai gane ba."

Muka yi dariya muka wuce zancen. Abin da ban sani ba, babban ɗan Hajiya ya zo daga Hotoro duba ta, kuma a daidai wannan lokacin yana tsugune a bayan katanga yana alwalar la'asar. Bai ji zancen littafi ba, bai ji zancen ɗan sanda ba. Daga "tsohuwa mai suga" ya kama, a "ko likita ba zai gane ba" ya miƙe.

Da yamma na ɗauki auduga na zagaya kamar kullum. Na tarar da shi a bakin ƙofar ɗakin, ya harɗe hannu. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya ce, "An hutar da ke. Daga yau akwai wanda zai riƙa yi mata." Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce lafiya ƙalau. Na dawo ina murna ma, a zatona ya ɗauko mata ƙwararriya ne.

Washegari ya aiko a kira mahaifiyata. Ta daɗe a can. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Me kika ce za ki yi wa Hajiya?"

Na ce, "Allura, Umma."

"Allurar da ko likita ba zai gane ba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Kuskuren da na yi shi ne dariya. Na yi ta dariya har da riƙe ciki, ita kuwa tana tsaye tana kallona. Da na lura fuskarta ba ta motsa ba, na haɗiye sauran, na yi mata bayani tun daga farko. Ta ce ita ta san ba zan kashe ko kaza ba, amma mutumin nan ya ce zai je makarantarmu ya faɗa musu irin wadda suke koya wa riƙe allura, kuma ya ce mu fara neman wani gidan. Sannan ta tattara duk littafin da ta gani a ɗakina, har da na karatun jikin ɗan Adam, ta zuba a buhu ta ɗaure.

Na ce bari in je in yi masa bayani da kaina. Na same shi a ƙofar gida zai shiga mota. Na ce, "Yaya, wallahi littafi ne muke hira a kai." Ya ce, "A littafin aka rubuta 'ni da ni ce'?" Na ce a'a, wannan ra'ayina ne. Ya ce, "To ai ra'ayin naki ne matsalar." Ya ja motarsa.

Kafin mako ya zagayo, zance ya gama layinmu. Na je kai niƙa, matan da ke wajen suka yi tsit. Wata maƙwabciya da kullum take kawo min ɗanta in duba masa zazzaɓi ta koma kai shi kemis. Ƙanwata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce mata yayarta ta taɓa gamawa da wani tsoho. Har tsohon an samo min. Ni da ko ɗinkin rauni ba a fara barina in yi ni kaɗai ba.

Abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Wanda ɗan Hajiya ya ɗauko wani yaron abokinsa ne mai shagon magani a Darmanawa, kuma sai ya rufe shago yake zuwa, wata rana ma ba ya zuwa. Ta kan katanga nake jin Hajiya tana tambayar wata jikarta da ke zaune da ita ko mai allura ya iso. Ina zaune, hannuna lafiya, ilimin yana kaina, tsakanina da ita taku kaɗan, amma an ce ni ce abin tsoro. Wata safiya na ji tana ta amai. Na miƙe zan zagaya, mahaifiyata ta riƙe min zane ta ce, "In kika shiga wani abu ya same ta, me za ki ce?" Na koma na zauna ina huci. Ranar sai asibiti aka kai ta, ta kwana biyu.

Da aka sallamo ta, ita da kanta ta ce a tara mata kowa. Ashe duk abin nan ba a gaya mata dalili ba, ce mata aka yi jarrabawa ta sha kaina. Jikarta ce ta fasa ƙwan a asibiti. Mahaifiyata ta ce in je Tarauni in taho da ƙawata da littafin, tunda shi ne shaida.

Muka zauna a ɗakin Hajiya bayan azahar. Tana kan gado an jingina ta da filo, ɗanta yana kan kujera, mu muna ƙasa. Ƙawata ta durƙusa ta gaishe su, ta buɗe littafin ta karanta wajen da aka zuba gubar a kunu, da wajen da aka ce tsohuwar tana da suga. Komai yana tafiya daidai. Ɗan Hajiya har ya fara sassauta fuska. Sai ƙawata, don ta gyara, ta rufe littafin ta ce:

"Kun gani ko, Hajiya? Littafi ne mai kyau ƙwarai, ita ce dai ba ta fahimce shi ba."

Na san ya kamata in yi shiru. Mahaifiyata ma ta taka min yatsa. Amma ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni ce ban fahimta ba? Ma'aikaciyar jinya guda, ta bar kofin kunun a ƙarƙashin gado? Ai ko ɗan koyo ya san..."

Ɗan Hajiya ya nuna ni da hannu ya ce, "Kun ji ko? Har yanzu gyara wa mai kisan take yi."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta yi gyaran murya. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai, yarinyar nan tun bara take soka min allura, daga ni sai ita a ɗaki. Da tana da niyya, kai za ta jira ka zo alwala? Wanda ka kawo min ne ya kusa kai ni lahira, shi da bai ce komai ba." Ya buɗe baki, ta ce ba ta gama ba. Ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma 'yar nan, bakinki ya fi hannunki sauri. Ki rage." Na ce to, Hajiya. Ta ce zancen tashi daga gida kuma kada ta ƙara ji, gidan nata ne.

Har mun fara miƙewa ta dubi ƙawata ta ce, "Tsaya. Ita wannan mai kunun, an kama ta?"

Ƙawata ta ce, "Sai a ƙarshe, Hajiya."

"To zauna ki karanta min daga farko."

Haka aka yi. Asabar uku ƙawata tana zuwa tana karanta mata, ni ina gefe da sirinji ina jiran lokaci. Da aka gama, Hajiya ta ce ita dai ba ta ga aibun littafin ba, marubucin ya yi ƙoƙari. Ƙawata ta kalle ni tana murmushi. Ban tanka ba, kuma ban taɓa shan wahalar yin shiru irin ta ranar ba.

Ɗan Hajiya bai je makarantarmu ba, amma bai taɓa ba ni haƙuri ba. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga kwalbar maganin ya duba ta a haske, a gabana. Matan layi suka dawo da kawo min 'ya'yansu kamar ba su ne suka samo min tsoho ba. Buhun littattafaina kuwa sai da na yi ta roƙo kafin aka kwance shi, shi ma don jarrabawa ta matso ne.

Yanzu na daɗe a aikin jinya, har ina koyar da wasu. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa mai riƙe da allura ba shi da bakin wasa irin na sauran mutane, don wanda ya miƙa maka hannunsa ya riga ya ba ka amana, 'yan uwansa kuma a tsorace suke ko ba su faɗa ba. Da na girma na fahimci ɗan Hajiya. Uwa ɗaya gare shi, ya ji abin da ya ji. Fahimta dai na yi, amma haushin bai tafi ba. Tambaya ɗaya ce da ya leƙo ta katanga ya yi, da tsohuwar nan ba ta kwana a asibiti ba.

Ni da ƙawata har gobe muna musun littafi, yanzu a waya, kuma har gobe komai burge ta yake yi. Sai dai in na kisan kai ne, nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa tukuna.

Hajiya ta yi shekaru bayan haka, ta ga aurena, ta ga ɗana na fari. Tsufa ne ya ɗauke ta, a lokacin an tura ni wani kwas a Zariya. Mahaifiyata ce ta kira ni ta gaya min. Muka yi kuka, muka yi mata addu'a. Can sai na ji ta ja numfashi ta ce, a hankali yadda na kusa da ita ba za su ji ba, "Allah ya jiƙanta. Ke kuma Allah ya rufa miki asiri da ba kya gari."